Suwic Mai Jan Salatif: Shafi na 19

Masu cika min akwatin saƙo da "ina ci gaba, ina ci gaba", na gani, ba ɓata na yi ba. Ku kuma da kuka kwana biyu kuna zagin Yaya, wai ya cika zurfin ciki, ana shirin kai shi gidan yari ya zauna kamar an ɗinke masa baki, ku karanta wannan tukuna. Ni dai ban ce komai ba.

*

Kwana uku ke nan Auta ba ta da wurin zama sai sito. Sunan ne kawai ya rage masa, don tun bara waccan Yayanta ya kwashe tarkacen ciki ya mayar da shi ɗakin gwaji: teburi, kujera ɗaya mai karyayyen hannu, da kantar ƙarfe mai hawa uku. A hawa biyun ƙasa suwic biyu ne, irin manyan nan da kamfanoni ke haɗa kwamfutocinsu da su, tsofaffi da wurin aikinsa suka sallama masa. A kansu ya koya mata aikin, tun daga matse kan waya. Hawan sama kuwa wayam, sai shatin ƙura. Nan ne mazaunin na ukun, mai jan salatif a goshi. Shi ba nasu ba ne, na ko-ta-kwana ne na kamfani, Yaya ke ajiye shi a gida saboda ranakun hutu. Doka ɗaya ce tak a ɗakin: ba a taɓa mai jan salatif.

Yau kwana goma sha biyu da suwic ɗaya ya ƙone a ma'ajiyar magungunan da Yaya ke wa aiki. Ranar hutu ce, ya suri mai jan salatif ya ruga ya jona. Ko minti ɗaya ba a yi ba sadarwar ma'ajiyar gaba ɗaya ta ɗauke, waya, kwamfuta, har ƙararrawar ɗakunan sanyi. Kafin a farga ɗaki guda ya ɗumama, alluran da asibitoci ke jira suka lalace. Kamfani ya ce da gangan ya yi. Gobe ƙarfe tara kwamiti zai zauna, kuma ba a ɓoye masa ba: in suka tabbatar, daga ɗakin taro sai motar 'yan sanda.

Auta ta rantse wani ne a ofishin ya yi masa ƙulli. Shi ya sa ta tare a sito. A tunaninta, in ta iya sa waɗannan biyun su mutu irin mutuwar na kamfani, ta gano hanyar da aka bi. Ta jona waya ɗaya baki biyu a suwic guda, ya toshe bakin da kansa ya ci gaba da aikinsa. Ta sa lalatacciyar waya, ta rikita saiti, ta gyara, ta sake rikitawa. Ko gezau. Fitilunsu kore shar suna ta ƙyafta mata ido, ita kuwa kamar ta rufe su da duka.

"Wai wannan kukan ba ya ƙarewa ne?"

Umma ce a bakin ƙofa, da baƙin gilashin da likita ya ce kar ta cire tun da aka yi mata aikin ido.

"Fankarsu ce, Umma."

"Na san fankarsu ce. Shekara biyu ina jin ta har cikin haƙorana." Ta kai hannu ta dafa bango, daidai gefen makunnin da ke ba ɗakin wuta, ta gari ko ta batir. Tun ranar da Umma ta taɓa kashe shi ta jawo wa Yaya asarar aikin wuni guda ya manne shi da jan salatif, wai don ido ya riƙa tuna mata. "Tashi ki tattaro min kayan wankin Yayanki. Matarsa ta kwashi yara ta tafi gidansu kafin ƙura ta lafa, shi kuma riga ɗaya yake ta maimaitawa. Gobe ba zai shiga gaban mutane da dauɗa ba."

A aljihun rigar da ya je ofis da ita ranar ƙarshe Auta ta ji takarda. An ninke ta har sau takwas, ta yi laushi saboda yawan buɗewa. Rahoton masu bincike ne, wanda ta roƙe shi ya nuna mata ya fi a ƙirga, kullum ya ce ai bai karɓo ba.

Ta zube kayan wankin a tsakar gida ta koma sito.

Shafin farko duk dogon turanci ne na lauyoyi. A shafi na biyu aka ja wa layi biyu jan biro:

"Suwic ɗin da ma'aikacin ya kawo daga gidansa yana ɗauke da lambar gyara 214, alhali ta kamfani 96 ce. An yi gyaran ƙarshe ranar huɗu ga wata, ƙarfe 3:40 na yamma, inda aka goge dukkan rukunan sadarwa."

Lambar gyara. Sau ɗaya Yaya ya taɓa ambata mata ita, yana ɗaura agogo zai fita. Ya ce suwic ɗin da suka fito gida ɗaya suna da wata ɗabi'a: kowane gyara aka yi wa rukunansu, wato yadda aka kasa kwamfutoci gida-gida, lambar ta ƙaru da ɗaya, kuma in suka haɗu, mai babbar lamba shi ne babba. Sauran sai su goge abin da suka sani su kwafi nasa, ba tambaya, ba musu. Ya ce darasi ne mai tsawo, ta bari sai ta gama jarrabawa.

Ta jawo laftop, ta soka shuɗiyar wayar da ake shiga cikin suwic da ita a na ƙasa, ta rubuta umarnin da ke nuna lambar. Sau biyu tana kuskuren harafi.

214.

Huɗu ga wata, 3:40.

Ta buɗe rajistar suwic ɗin, inda yake rubuta duk wanda ya shiga da lokacin da ya shiga. Ta yi ta ja sama. Ga shi nan, layi bayan layi, tun daga ƙarfe ɗaya da rabi har huɗu saura: auta, auta, auta.

Sai ranar ta dawo mata tas. Ranar aikin idon Umma ce, Yaya ya kai ta asibiti tun safe, gidan ba kowa. Jarrabawarta saura kwana biyu, darasin da ke ba ta wuya kuma sai da suwic uku ake gwada shi, ita biyu gare ta. Ta daɗe tana kallon mai jan salatif. Ta ce wa kanta ai ba shiga cikinsa za ta yi ba, ba harafi ɗaya da za ta rubuta masa, waya kawai za ta jona ya cike mata na uku. Duk rubutun a na ƙasa ta yi. Ta ƙirƙiri rukuni ta goge, ta ƙirƙira ta goge, don hannunta ya saba da sauri. Da ta gama ta share komai ƙal don kar ta bar datti, ta zare wayar, ta naɗe ta rataye. Har tana yaba wa kanta tsafta.

Ta ci jarrabawar. Litinin ɗin nan za ta fara aiki.

Ba ta yi kuka ba, kukan ma ya ƙi zuwa. Kunya ce da tsoro suka haɗu suka danne ta a kujerar, tana kallon sunanta a allo, ta tsani kowane harafi nasa.

"Ba ni takardata."

Yaya ne. Tun ranar da abin ya faru bai tako sito ba, ko ta ƙofar ba ya bi. Ya rame, gemu ya cika masa fuska.

Ba ta juyo ba. "Ɗari biyu da sha huɗu."

"Na ce ki ba ni."

"Huɗu ga wata kana ina, Yaya?"

Ya kawar da kai.

"Kana asibiti. Kai ka riƙe wa Umma jaka har aka fito da ita. Ni ce a gida."

"To sai aka yi yaya?"

"Ni ce."

"Na sani."

A nan ta juyo, har kujerar na neman kifewa. "Ka sani?"

"Rage murya, Umma na tsakar gida."

"Tun yaushe?"

"Tun da suka miƙo min takardar na ga kwanan watan." Ya jingina da bango. "Kai, tun kafin nan ma. Da muka dawo asibiti na leƙo, na ga wayar a rataye. Ke ta hagu kike naɗe waya, ni ta dama."

"Kuma ba ka ce min komai ba."

"Me zan ce? Yarinya tana karatun jarrabawa. Na duba saitinsa na ga komai na nan yadda na bari, na yi murmushi na fita. Lambar ce ban duba ba."

"Wallahi ban rubuta masa komai ba, Yaya. Waya kawai na…"

"Na sani, Auta. Shi ba ya jiran a rubuta masa. Ya ji na ƙasa ya fi shi lamba, ya bi. Na kai shi kamfani, suka ji ya fi su, suka bi." Ya shafa fuskarsa. "Kafin ka jona suwic a gidan mutane ka duba lambarsa ka mayar da ita sifili. Ɗan koyo na wata uku ya san wannan. Shekarata goma sha ɗaya a aikin nan. Manaja yana ta kira, ina gudu, na soka. Ke ban koya miki ba, ni kuma na sani na ƙi yi. Faɗa min laifin wa ya fi."

"Ai sai ka gaya musu haka."

"Na gaya musu sakaci ne."

"Suka ce me?"

"Suka ce sakaci ba ya goge rukuni sau ɗari da wani abu a yammaci ɗaya. Suka ce zama na yi na ɗaga lambar da gangan, na ajiye ina jiran rana."

"Ka ce kana asibiti mana. Akwai katin Umma, akwai likita."

"Sun san ina shiga kayana ta wayar hannu daga ko'ina."

"To ka ce ni ce."

Ya dube ta, irin kallon da yake mata tun tana ƙarama in ta faɗi shirme a gaban baƙi.

"In ce ƙanwata ce. Su ce da izinin wa ta taɓa kayan kamfani. Kin ga aikina ya riga ya tafi, ko ke ce ko ni ne, wannan an gama. Abin da ya rage kawai, mutum nawa za su ɗauka daga gidan nan."

"Kora daban, gidan yari daban."

"Allah na nan."

"Kar ka rufe min baki da wannan, Yaya. In suka ga ɗan koyo ne ke gwaji, sun san ba niyya. Babu niyya, babu 'yan sanda."

"Haka kike gani? An yi asarar ɗaki guda na magani. Akwai asibitin da ya mayar da marasa lafiya gida. Mutanen nan wuya suke nema su rataya wa abin, ba ruwansu da na wa ne. Suna kawai za su canza a takardar."

"Su canza."

"Litinin za ki fara aiki."

"Ya ƙone."

"Ki iya bakinki." Muryarsa ta yi ƙasa, kuma ta fi tsawa ban tsoro. "Shekara uku kina aika takardu ana ce miki aikin maza ne. Masu wannan sana'ar a garin nan ba mu cika mota biyu ba, kowa ya san kowa. Ranar da aka ce ke ce yarinyar da ta kashe ma'ajiya, ko wayar talabijin ba mai sake ba ki ki jona. Ni na ci nawa rabon. Ke ko ɗanɗanawa ba ki yi ba."

"'Ya'yanka biyu fa? Me za a ce musu?"

Ya sunkuyar da kai.

"Kwana goma sha biyu," ta ce, yanzu hawayen sun samu hanya. "Ina kawo maka abinci ina zagin mutanen ofishinku ɗaya bayan ɗaya, kana ji. Ina cewa Allah ya tona asirin wanda ya yi maka wannan, kana cewa amin."

"Ban taɓa cewa amin ba. Ki tuna da kyau."

Ta tuna. Bai taɓa ba. Wannan ya fi komai yi mata ciwo.

Ta share fuska da bayan hannu. "Gobe tare za mu tafi."

"Ki je mana. Ki tashi ki ce ni ce. Wace ƙanwa ce ba za ta faɗi haka ba? Za su ba ki ruwa ki sha, su raka ki ƙofa."

"Ba bakina za su ji ba."

Ta juya masa laftop ɗin.

Ya matso yana ƙanƙance ido. Ta ga lokacin da ya gane abin da yake kallo, don fuskarsa ta sauya gaba ɗaya. Ashe duk lissafin da ya kwana goma sha biyu yana yi, ya manta da rajistar na ƙasa. Sunanta, da sa'a, da minti, layi ya fi ɗari, kuma duk ta shuɗiyar waya aka shiga, wadda sai mutum yana zaune a ɗakin yake iya amfani da ita.

"Tun ranar ba a kashe shi ba?" ya tambaya a hankali.

"Batirinka bai taɓa yankewa ba."

Su biyun sun san sauran. Rajistar nan ba a ajiye take ba, a ƙwaƙwalwar wucin gadi take zaune. Muddin da wuta tana nan. Wuta ta ɗauke na ƙiftawar ido, ta tafi, ko wanda ya ƙera suwic ɗin ba zai dawo da ita ba.

Idonsa ya sauka kan baƙar wayar wutar da ke bayan kantar. Kafin ya motsa ta riga shi. Ta fizge shuɗiyar wayar ta naɗe a hannu, ta rufe laftop ta rungume, ta tsaya ta ba kantar baya.

"Matsa."

"Na ɗauki hoto."

"Hoto? Ni ma zan rubuta miki irinsa yanzu in ɗauka. Sai sun soka wayarsu sun gani da idonsu, kin sani. Matsa, Auta."

"Sai dai ka ɗaga ni."

"Ban taɓa sa miki hannu ba. Kar ki sa in fara yau."

"Fara."

Ya tsaya yana huci. Iskar fankar tana bugun bayanta da ɗumi, tana jin kantar na rawa kaɗan kaɗan a kafaɗarta. Sai ta ga ya saki kafaɗu, ya ja da baya. Har ta fara sauke numfashi kafin ta gane ba haƙura ya yi ba. Makunnin bakin ƙofa ya tuna.

Ya juya, ya yi turus.

Umma na tsaye a wurin, rigarsa ta wanki a kafaɗarta, tafin hannunta a kan jan salatif ɗin.

"Umma, tun yaushe kike…"

"Tun daga 'na sani'." Ba ta ɗaga murya ba. "Idona ne aka yi wa aiki, ba kunnena ba. Ban san lambar gyara ba, ban san rajista ba. Ku faɗa min yadda zan gane. In na kashe wannan, me zai faru?"

"Shi ke nan, Umma," in ji Yaya da sauri. "Babu sunan kowa sai nawa."

"Su tafi da kai."

"Zan iya ɗauka. Lauya ya ce ba lallai ya wuce…"

"Ban tambaye ka abin da za ka iya ba." Ta juya baƙin gilashin wajen Auta. "In na bari fa?"

"Gobe su zo su gani da idonsu, Umma. Su san ba da gangan ba ne. Yaya ya kwana a gida, yaransa su dawo."

"Ke fa?"

Auta ta ƙara ƙanƙame laftop ɗin.

"Ita ce ba za ta kwana a gida ba," Yaya ya amsa mata.

Umma ta sa hannu ɗaya ta cire gilashin da likita ya hana ta cirewa. Idon har yanzu ja ne, yana ruwa. Ta kalli ɗanta, ta kalli 'yarta, a nutse, kamar mai ƙirga su.

"Ranar da aka buɗe min idon nan, godiya na yi ta yi, na ce zan ga fuskokinku da kyau kafin in mutu. Ashe wannan aka buɗe min in gani."

"Umma, don Allah ki ɗauke hannunki," Auta ta ce. "Ni na yi. Ki bar ni in ɗauki abina."

"Ku biyun ni na haifa. Ɗayanku zai yafe min, ɗayan ba zai yafe ba. Na riga na sani."

Ta sa farce a gefen salatif ɗin. Shekara biyu yana manne, bai taso da sauƙi ba. Duk kukan fankar nan, sai da suka ji ƙarar ɓantaruwarsa daga bango. Ta dunƙule shi a tafin hannu, ta ɗora babban yatsa a kan makunnin.

"Auta," ta ce, "rufe idonki."